Taya Mai Lebul Sha Shida

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Dutse lokacin da jiha take sabuwa, in dai mai faɗin gaskiya ne, zai shaida cewa garin bai taɓa samun baiwa irin Injiniya Alhaji Saifuddeen ba. Duwatsun garin sun riga shi zuwa, ba a musu, amma har yau ba a ji wanda suka taɓa yi wa bayani a kan taya ba. Shi kuwa yana yi safe da yamma, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

Shi ne shugaban sashen motoci a wata ma'aikata da ba sai an kama sunanta ba. Motoci bakwai ne a ƙarƙashinsa, uku na tafiya, huɗu suna hutawa a kan bulo. Injiniyancinsa ba irin na jami'a ba ne, wanda kowa zai iya ɓata shekara biyar ya samo. Shi a bitar kwana uku ya samo nasa a Kaduna. Ranar farko ya isa an tashi, rana ta biyu ya tafi gaida surukai, rana ta uku aka raba takardar shaida ya karɓi tasa da hannu biyu. Tun daga nan ya gargaɗi Bilki mai buga tafireta da kada ta kuskura ta sake buga sunansa tsirara. Direbobi kuwa a bayan idonsa Na-Durƙushe suke ce masa, domin mutum ne da ba ya rusuna wa kowa, amma da ya ga mota a tsaye sai ya tattare babbar riga ya durƙusa gaban tayarta, ya gyara tabarau, yana motsa baki kamar mai tilawa.

Wanda ya fi kowa rabo da wannan ilimi shi ne direbansa, Malam Isah mutumin Ringim. Shekara goma sha biyar ya yi yana jan babbar mota da hatsi da albasa zuwa kudu, kafin gwiwa ta matsa masa ya nemi aikin gwamnati tun ana tsohuwar jihar Kano. Bai taɓa kayar da mota ba, bai taɓa take ko kaza ba. Wata bakwai suka rage masa ya yi ritaya, kuma babu abin da yake roƙon Allah sai ya gama lafiya ya koma gonarsa ta bakin kogi.

Wata Talata farar Fijo ta ofis ta taka ƙusa, suka tsaya a rumfar Ɗan'inna mai faci a Limawa. Kafin a gama sa jak, Injiniya ya riga ya durƙusa. Ya goge gefen tayar da hankici, lambobi suka fito, 185/70 R 14. Ya ɗaga kai ya ga masu shayi da 'yan acaɓa sun taru, abin da ransa ke so ke nan.

Ya ce, "Ku matso ku ƙaru. Bature ba ya rubutu a banza. Wannan ɗari da tamanin da biyar gudun tayar ne a awa guda. Ko motar ba ta iya ba, ita tayar za ta iya. Saba'in ɗin nan shekarunta ne, in ba a sa mata ido ba. Wannan harafin na R gaisuwa ce daga masana'anta zuwa ga mai motar, wato Ranka ya daɗe. Sha huɗu kuwa," ya dafa ƙirji, "lebul ɗina ne a aikin gwamnati. Ku tambayi kanku yadda aka yi suka sani."

Malam Isah bai yi boko ba, amma ya san lamba. Ya san ta farko faɗin tayar ce, ta biyu tsayin gefenta in an gwada shi da faɗin, harafin kuma irin saƙar da aka yi wa cikinta. Ta ƙarshe girman wili ce a ma'aunin inci, wato ƙarfen da tayar ke zama a kai. Ɗan'inna ma ya san haka. Suka dubi juna sau ɗaya, Ɗan'inna ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa, wani ɗan acaɓa ya ce lallai ilimi da daɗi.

Da abin ya tsaya a nan da kowa ya huta. To amma ilimi irin na Injiniya ba ya zama wuri ɗaya. Kashegari Bilki ta buga takardar umarni aka manna a ƙofar kowane ofis, cewa daga yau kada lambar tayar ma'aikaci ta wuce lebul ɗinsa, don a kiyaye da'a. Da kansa ya zaga harabar yana dubawa. Tankar ruwa ya tarar da ashirin a jikinta, ya ce ba mamaki, tarayya ce ta aiko ta, ba huruminsa ba ne. Sai ya iso gindin darbejiya inda Malam Ɗanladi masinja, dattijo mai furfura, yake jingine tsohon kekensa. Ya durƙusa ya karanta, ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Ashirin da takwas.

Lebul a aikin gwamnati a sha bakwai yake ƙarewa. Zamanin soja ne kuma, ana ta raɗe-raɗin cewa an baza mutanen sirri daga Abuja a kowace ma'aikata. Injiniya ya haɗa wannan da wancan, ya yanke cewa dattijon ɗaya ne daga cikinsu. Mako guda cur yana riga Malam Ɗanladi gaisuwa, yana rusunawa har gwiwa ta kusa taɓa ƙasa, yana karɓe masa fayil ya kai da kansa. Dattijon ya tsorata, ya samu Malam Isah a ɓoye ya tambaye shi ko korarsa za a yi. A rana ta takwas Allah ya buɗe wa Injiniya, ya gane cewa lambar keke rarrabe ta ake yi: lebul biyu, mataki na takwas. Aka duba fayil aka ga Malam Ɗanladi a mataki na bakwai yake. Injiniya ya ce ba zai yiwu masana'anta ta yi kuskure ba, ya rubuta aka gyara fayil ɗin. A tarihin sashen, Malam Ɗanladi kaɗai ne mahaluƙin da ya taɓa cin moriyar wannan ilimi.

Jiha sabuwa ce, kujeru sun fi mutane yawa. Kafin damina ta ƙare aka ɗaga Injiniya zuwa sha biyar, aka kuma ba shi riƙon sha shida. Ranar da takardar ta fito ya sauko daga bene cikin sabuwar shadda, ya tsaya ya dubi Fijo kamar wadda ta zage shi. Ya ce ba zai ƙara zama a kan tayar ƙananan ma'aikata ba, a nemo masa sha shida.

A nan Malam Isah ya yi kuskuren da ya daɗe yana kauce wa. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Wannan lambar girman wili ce. Sha shida ba za ta zauna a kan sha huɗu ba, kamar a sa wa yaro takalmin babansa ne. In ana son canji, faɗin za a ɗan taɓa, shi ma kaɗan, amma ta ƙarshen dole ta dace da ƙarfen."

Injiniya bai yi fushi ba, shi da ya san nauyin jahilci a ƙasar nan. Ya dai kira Bilki ta buga wa Malam Isah takardar tuhuma mai laifi uku: raina na gaba, yaɗa jita-jita a kan taya, da kallon shugaba ta madubi da wata manufa. Ya ce zai yanke hukunci bayan taron Buji, inda aka gayyace shi ya yi wa direbobin ƙaramar hukuma lacca a gaban Babban Sakatare. Malam Isah ya ninke takardar ya sa a aljihu. In aka sallame shi da laifi, duk shekarun da ya yi sun tafi a banza. Da ya koma gida matarsa Adama ta ce masa mutumin da ya iya haƙuri da hanyar Lokoja ai ya iya rufe bakinsa na wata bakwai. Ya rufe.

Wani ɗan kwangila ya kawo tayoyin, huɗu, manya, baƙaƙe wuluk, masu zane miƙaƙƙe irin wanda Malam Isah bai saba gani a ƙafar mota ba. Ɗan'inna ya ɗora ɗaya a kan wilin Fijo, wilin ya faɗa ta tsakiya ya fito ta ƙasa. Injiniya ya ce wannan ai a bayyane yake, wilin ne ba a yi wa ƙarin girma ba. Aka nemo wili sha shida na wata tsohuwar motar daji. Ramukan noti suka ƙi dacewa, nata shida, na Fijo huɗu. Injiniya ya sa mai walda ya toshe shidan ya huda huɗu da ido. Aka ɗaura, tayoyin suka cije jikin motar, ya sa aka yanke ƙarfen da ke saman kowace ƙafa. Ɗan'inna ya ce shi dai a shaida ba da shawararsa aka yi ba, ya wanke hannu da kananzir ya shige rumfa.

Aka sauke jak, Fijo ta tsaya zanƙalƙal kamar zalɓe. Sai da aka ajiye wa Injiniya ɗan benci kafin ya iya hawa, kuma daga ranar bencin ya zama kayan gwamnati, yana tafiya a but ɗin motar. Matsala ɗaya ce 'yar ƙarama, motar ba ta son kwana. Da Malam Isah ya murɗa sitiyari rabi sai tayar gaba ta daki ƙarfe ta yi kuka. A shataletale sai ya yi gaba ya yi baya sau uku, motoci na jira, Injiniya na ɗaga musu hannu daga kujerar baya don ya ɗauka girmamawa ce ta tsayar da su. Malam Isah ya haddace duk wata hanya miƙaƙƙiya a Dutse. Gidan Injiniya da ofis tafiyar minti biyar ce, ta koma ta rabin awa.

Babban abin alfahari ya zo ne ranar da suka je duba wurin taro a Buji. Babbar taya ba ta juyawa da yawa kamar ƙarama kafin ta cinye hanya, don haka mitar da ke ƙirga nisa ta nuna ƙasa da abin da ta saba. Injiniya, wanda ba abin da ke wuce shi, ya lura kashi ɗaya cikin biyar na hanyar ya ɓace. A ranar ya rubuta wa Babban Sakatare shafi huɗu, yana sanar da shi cikin tawali'u cewa ya matso da Buji kusa da babban birnin jiha ba tare da an taɓa kwalta ba. Ya ƙara da cewa in aka ba shi tayar tanka, Ringim za ta zama unguwa a Dutse kafin babbar salla.

Ranar taro suka tashi da hantsi, Injiniya a baya ta dama, Bilki a gaba rungume da kwafin lacca ɗari. Tun daga fita gari Malam Isah yake jin wani abu a ƙugunsa ta cikin kujera, wata 'yar rawa da ƙafar baya ke yi. Ya tsaya sau biyu da sunan kama ruwa, ya zaga ya taɓa tayoyin ya ji sun yi zafi kamar kaskon waina, ya ɗaure notin da za su ɗauru. Injiniya ya leƙo ya ga allurar mitar gudu a kan arba'in, ya ce a taka, tayar lebul sha shida ba ta rarrafe. Malam Isah ya san arba'in ɗin nan hamsin ce. Ya dubi Bilki, wadda ta bar goyo a gida, ya ce man da aka sha ne ba shi da kyau, motar ba za ta ƙara ba. Injiniya ya ce a rubuta wannan a matsayin laifi na huɗu. Malam Isah ya ce to, ya ƙara ɗaga ƙafa daga totur.

Sun bar kwalta, sun hau jar hanya mai gangara zuwa filin taro, rumfuna da tutoci suna hangowa, sai Injiniya ya ga wata taya ta zo ta gefen tagarsa ta wuce su a guje, ita kaɗai. Ya bi ta da kallo cikin sha'awa, ya ce wa Bilki ta duba, wannan ma sha shida ce, ashe akwai wani babba a garin. Bai rufe baki ba motar ta durƙusa ta ɓangarensa. Malam Isah bai taka birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana salati a hankali, ya bar ta ta ja gindi cikin yashi har ta tsaya a bakin gonar dawa. Ba wanda ya ƙwarzane. Malam Isah ya kashe mota.

Tayar kuwa ba ta tsaya ba. Ta bi gangara, ta ratsa tsakanin 'yan sanda biyu, ta shiga fili daidai lokacin da mai gabatarwa yake cewa ga babban baƙo nan tafe. Makaɗa suka ɗauka, jama'a suka miƙe. Ta wuce layin direbobi, ta yi kwanan da ba ta taɓa yarda ta yi a Dutse ba, ta zo gaban babban teburi ta yi rawa kaɗan ta kwanta.

Bayan minti goma Injiniya ya iso a ƙasa, hula a karkace, Malam Isah na biye da shi da benci don ba a ce ya bari ba. Da ƙaramin mutum ne da kunya ta kashe shi a wurin. Injiniya kuwa lasifika ya karɓa. Ya ce da gangan ya turo tayar gaba don ta zama abin koyarwa, sai dai direba ya sake ta kafin lokaci, kuma zai gamu da hukuncinsa yau ɗin nan. Ya sa aka tayar da ita tsaye, ya durƙusa.

"Ga shi nan, 7.50 da 16. Bakwai da minti hamsin, lokacin da ya kamata babban ma'aikaci ya bar gida ke nan. Sha shida kun san ko wane ne. Amma ga inda ilimin yake." Ya bi haruffan da yatsa, IMPLEMENT. "Duk wanda ya taɓa zama a taron manya ya san wannan kalma. Aiwatarwa. Taya ce da aka ƙera musamman don masu aiwatar da manufofin gwamnati. A faɗin jihar nan ba mu fi mu uku da muka cancanci hawanta ba."

Aka fara tafi. Ana cikin tafin wani dattijo ya taso daga inda masu unguwanni suke zaune, da sandarsa da malafa, Baffa Hussaini, mai shanu ne kuma manomi a wata ruga da ke kusa. Ya zo ya shafa zanen tayar, ya danna ta da babban yatsa, ya leƙa gefenta, fuskarsa ta washe kamar ya ga ɗan'uwa. Ya ce ai ya san ta, irin ta amalankensa ce sak, da ita yake kai taki gona.

Babban Sakatare, mutum marar yawan magana, ya waiwaya ya tambayi malamin gona na yankin ko haka ne. Malamin gonan ya miƙe yana kallon ƙasa, ya ce haka ne, a Turancin noma kalmar kayan aikin gona take nufi, kuma ƙaramin rubutun da ke ƙasanta cewa ya yi kada a hau kwalta da ita, kada kuma a wuce gudun talatin.

Babban Sakatare ya yafito Malam Isah, ya tambaye shi a wane gudu ya taho, ya faɗa masa. Ya tambaye shi ko ya taɓa cewa wani abu a kan tayoyin nan. Malam Isah ya zaro takardar tuhuma ya miƙa. Babban Sakatare ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta ya sa a nasa aljihun, ya ce direbansa na fama da ciwon ido, yana neman wanda zai riƙe masa mota na wata bakwai. Malam Isah ya ajiye bencin a hankali, ya ji gwiwarsa ta daina ciwo.

Injiniya yana nan durƙushe, lasifika a hannu. Baffa Hussaini mutum ne mai kara, bai ji daɗin a kunyata baƙo a garinsu ba. Ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya ce kada ya damu, ya iya zaɓe, taya ce mai albarka, shekara shida yana aiki da tasa ko faci ba ta taɓa nema ba. Sannan ya sunkuya don ya yi masa magana a asirce, bai lura bakinsa na daidai lasifika ba.

"Ranka ya daɗe, da na ga ta shigo ita kaɗai na san shanun ne suka tsinke maka. Suna nan kusa, ko in aro maka nawa su mai da kai Dutse?"